Abin da Tauraron Ɗan'adam Ya Gani a Rufin Mamman

Mamman mai wankin hula haifaffen Jakara ne, a wani lungu da ko mai adaidaita sahu ya shiga sai ya yi da-na-sani. Sana'ar gado ce. Mahaifinsa ya wanke hulunan attajiran kasuwar Kurmi, shi kuma yana wanke na 'ya'yansu. Ba shi da yawan magana, kuma iyakar saninsa da sararin samaniya shi ne ya ɗaga kai ya duba ko hadari ya haɗo, a kwashe shanya.

Wurin shanyar nan ne ya daɗe yana ba shi wahala. In ya jera huluna a ƙofar gida, babur ya bi ta kwata ya fantsama musu ruwa, akuya ta zo ta lashe sitacin. Daga baya matarsa Turai ta ce a riƙa kai su saman soro. Ita ke hawa da su da safe, kowace hula a kife kan gwangwaninta, ta jera su sahu-sahu, ta sauko da su da la'asar. Huluna suka riƙa fita fes, ciniki ya buɗe, Mamman har ya fara kumatu.

Wata rana Zaharaddeen mai gyaran waya yana nuna wa 'yan majalisar bakin masallaci unguwarsu a taswirar waya, irin hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. Kowa ya ga rufin gidansa, ya yi ƙorafin an rage masa girma. Da aka zo kan gidan Mamman, sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jere, babu wanda ya kauce wa layi.

Zaharaddeen ya ce, "Eriya ce. Da irinta ake magana da waje."

Alhaji Sule mai turare ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya ce, "Ƙwai ne. Ban dai ce na mene ne ba."

Aka kwana biyu ana ja, sannan wani ya tuna cewa gidan yana da mai shi. Aka kira Mamman. Ya duba, ya ce, "Huluna ne. Alhaji, har da damangarka a ciki."



Zaharaddeen ya ce, "Haba Malam Mamman. Na'urar da Turawa suka sha wahala suka harba sama, sai ta rasa abin ɗauka sai hular Alhaji?"

"Ni dai ban aike ta ba," in ji Mamman.

Malam Isyaku, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsa da Mamman, shi ya fara yarda huluna ne, kuma yardarsa ta fi musun illa. A cikin birni namiji ba ya hawa rufi sai an yi shela, don matan maƙwabta su shige ɗaki. Ya ce, "To wa yake hawa da su? Ni ban taɓa jin an ce za a hau sama ba."

"Mai ɗakina ce ke hawa."

"Ai haka za ka ce."

Mamman ya fusata, abin da bai saba ba. Ya ce, "To ku taso duka, mu hau ku gani da idonku!"

Malam Isyaku ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Yanzu kuma gayya zai yi a leƙa mini tsakar gida!"

Babu wanda ya hau. Unguwa ta rabu biyu: waɗanda suka ce huluna ne suna fushi da shi saboda rufin, waɗanda suka ce ba huluna ba ne suna tsoronsa. A abu ɗaya kawai suka haɗu, kowa ya aiko a karɓo masa hularsa. Alhaji Sule ya ce shi bai zargi kowa ba, amma abin da ke hawa kansa ba zai yi ta wuni yana kallon sama ba tare da ya san da wa yake gaisawa ba.

Mamman ya hana Turai hawa, ya mayar da shanya ƙasa, yana jiran magana ta mutu. Ta kusa mutuwa kuwa, sai masu taswirar suka sabunta hoton. Zaharaddeen ya zo majalisa da saurinsa, ya nuna rufin Mamman wayam.

Ya ce, "Sun tashi! Da muka gano su, sun tashi."

Mamman yana tsaye a wurin, ya duba fuskokinsu, ya juya ya koma gida. Yanzu yana ɗan taɓa guga don a ci abinci. Hulunan unguwar kuwa wani mai wanki a Koki ake kai wa, wanda har yau ba a duba rufinsa ba.