Mai Sunan Marigayi

Duk wanda ya taɓa cin ƙosai a kasuwar Bukkuyum ya san Sahura. In bai riƙe sunanta ba, to ya riƙe babban yatsanta na dama, wanda ya naɗe ya yi fari fat kamar dafaffen rogo. 'Yan gulma na cewa kwaɗayi ne ya sa ta tsoma shi cikin mai. Ƙarya suke, bakinsu ya yi tsutsa. Yatsan nan yana da labari, kuma ba na kwaɗayi ba ne.

A Yargalma aka haife ta, a nan ta auri Lirwanu, manomin da ya jingine fartanya ya bi zinare. Shekarar nan ta gubar dalma, maza na kwaso dutse daga rami su kawo gida, mata na dakawa a turmi, yara na rarrafe cikin ƙurar suna lasar hannu. Ɗanta na fari yana da shekara huɗu ya kama jijjiga, ya cika a bayanta kafin su kai bakin hanya. Sunansa Badaru. To Sahura irin matan nan ce da suka sha kunya tun a nono. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan fari ba. Yana raye "kai wancan" ne, da ya rasu ya koma "marigayi". Duk wani Badaru a duniya kuwa, ko jariri ko mai furfura, a bakinta "mai sunan marigayi" ne. Kowa a garinsu ya san haka, har awaki.

Da rami ya rufta da Lirwanu, ta kwashi 'yan matanta biyu ta koma Bagega, ta kafa kaskonta dab da injin niƙa dutse. Mai injin sunansa Shafi'u, gajere mai tumbi, bakinsa ba linzami. Cikin masu kawo niƙa akwai wani baƙo daga ƙasar Bauchi, shi ma Shafi'u, ana ce masa Dogo. Takwarorin nan kullum cikin zagin juna suke, rabi wasa rabi gaske. Ranar Talata ma sai da suka ci kwalar juna a gaban jama'a kan layi.

Ranar Laraba da hantsi Badaru ya zo. Wannan Badarun ɗan gari ne, ƙato, kullum da adda a rataye, yana tafiya kamar shi ya haƙa ramukan garin da farcensa. Ya dire buhunsa a gaban na kowa.

"Niƙa min."

"Bi layi," in ji mai inji. "Ko tsohonka yaz zo, layi zai bi."

Saran farko a kafaɗa ya sauka, hannun ya rataye da 'yar fata. Mai inji ya juya zai gudu, na biyu ya same shi a ƙeya, ya kife kan belin inji, injin na ta ruri bai san mai shi ya tafi ba. Jini ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙullun Sahura, farin ƙullu ya koma ja. Ta kurma ihu. Badaru ya waiwayo ya sheme ta da gefen adda a kunne, ta faɗi kan itacen wuta.

Maza wajen talatin ne a wurin. Da 'yan sanda suka zo, ashe dukansu fitsari ya kama su a lokaci ɗaya, kowa yana bayan gari. Maza ke nan, masu gemu har ƙirji.

Saura Sahura, kwance a gadon asibiti, kai a naɗe. Ɗan sandan da ya zo ɗaukar bayani ba ɗan ƙasar nan ba ne, tafintansa kuma Hausar bariki ce a bakinsa, irin wadda ba ta san mace da namiji ba. Suka ce wa ya sare shi?

"Mai sunan marigayi yas sare shi," in ji ta.

Suka dubi juna. Marigayi dai ga shi can a ɗakin gawa, sunansa Shafi'u. Wa ke da sunansa? Wa ya ci kwalarsa jiya? Aka rubuta, aka shafa wa babban yatsanta tawada aka dangwala. Kafin la'asar Dogo na cikin ankwa, haƙoransa biyu a ƙasa.

Wanta Sharu ya ɗauke ta da 'yan matan ya taho da su Bukkuyum. Ta ji an ce an kama mai laifi, ta yi hamdala, ta sake kafa kasko. Wata bakwai tana soya ƙosanta da zuciya wasai, har ranar kasuwar da ta ɗaga kai ta ga Badaru tsugune a gabanta yana murmushi.

"Inna, sannu da aiki. An ce takardar kotu ta iso miki."

Ta ce, "Kai ba kana gidan yari ba?"

"Wa zai kai ni? Ai ke kinka hid da ni. Dogo na can yana shan gabza a madadina. Abin da kinka hwaɗi ma 'yan sanda ya yi kyau. In kin je, ki maimaita shi, kar ki ƙara ko wasali." Ya kama hannunta kamar mai gaisuwa. "Wanga yatsa ne yad dangwala, ko?"

Ya danna shi cikin tafasasshen mai. Ya riƙe. Ta ji ƙaurin namanta kafin ta ji zafin. Da ya saki, ya ɗauki ƙosai ɗaya ya hura ya jefa a baki, ya ce 'yan matanta sun girma, ya gan su a hanyar rijiya. Mutanen kasuwa kuwa, su ma fitsarin nan ya kama su.

Kwana goma sha ɗaya tana juya maganar. In ta maimaita, a rataye bawan Allah da bai ci mata komai ba sai ƙosai. In ta gyara, ga adda, ga hanyar rijiya. Ta tura 'yan matan Gummi wurin ƙanwarta, ta naɗe yatsa da tsumma, Sharu ya raka ta birni.

A ƙofar kotu, ƙarƙashin dalbejiya, Badaru na zaune kan babur. "Inna, in kin gama ni zan maida ki gida," ya ce. Ta wuce shi ta shiga.

Ba ta taɓa ganin ɗaki mai fanka shida ba. Alƙali na can sama, lauyoyi sun sha baƙaƙen riguna da gashin tunkiya a ka, cikin zafin nan, kamar masu biyan wani alhaki. Aka tambaye ta ko tana da alwala, aka miƙo Alƙur'ani ta dafa ta rantse. Sai ta hango Dogo a cikin akwati. Da ƙyar ta gane shi. Ƙaton nan ya zama sanda, wuyansa kamar na zakaran da aka fige.

Lauyar gwamnati, wata Kausar mai gilashi, ta bi da ita a hankali. Ina take zaune, me ta gani, sara nawa. Sahura ta ba da labari tiryan-tiryan, har jinin da ya shiga ƙullu.

"Wa ya yi saran?"

"Mai sunan marigayi."

"Madalla. Dubi akwatin can. Shi ne wannan?"

Ga ƙofa a buɗe. "I" ɗaya za ta ce, ta hau mota ta koma kaskonta. Dogo bai ko ɗago kai ba, ya riga ya gama da duniya.

"Wanga? Wanga ko kaza bai iya yankewa. Ranar ma bai zo niƙa ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Lauya Kausar ta cire gilashi ta ɗaga takarda. "Baba, ga bayaninki, ga yatsanki. Kin ce mai sunan marigayi. Marigayi Shafi'u ne, wannan ma Shafi'u ne."

"Ke ɗiyata, marigayi ɗaya ne a duniya? Ni nawa nike nuhi."

"Naki wa?"

"Na hwari."

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ɗan ƙasar ne, da gani ya gane, don sai da ya runtse ido. Ya ce, "Malama Sahura, wanda ya yi saran sunansa ɗaya da ɗanki na fari?"

"Ranka ya daɗe, ka gama magana."

"Ban gama ba. Faɗi sunan."

"Ranka ya daɗe, a gaban maza? Kai innarka na kiran naka?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ɗan sandan kotu ya daka tsawa. Sharu ya miƙe zai taimaka, "Ranka ya daɗe, sunan yaron…" Aka danna shi kan benci kafin ya ƙarasa.

"Ba a ara wa shaida baki," in ji alƙali. "Ni autan innata ne, shi ya sa nake jin sunana. Amma takarda ba ta san kunya ba. Abin da ke rubuce a nan ya isa a rataye mutumin can. In akwai wani suna, daga bakinki zan ji shi, ko kuwa in bar na takarda."

Sahura ta dubi ƙasa. Shekara huɗu tana goya yaron nan, ba ta kira shi ba. Ranar da yake jijjiga a bayanta, tana gudu tana cewa kai wancan, kai wancan, buɗe ido, ko a ranar ba ta kira shi ba. Ta adana sunan kamar zanen da ba a ɗaurawa. Yanzu a ce ta fiddo shi ta yafa wa kare.

Ta ɗaga yatsan da ke naɗe, ta warware tsumman, ta nuna wa alƙali ɗanyen naman.

"Badaru," ta ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama. Sai ta ƙara, yadda ake kiran yaro ya dawo daga wasa. "Badaru! Shi yas sare shi, shi yas soya min hannu. Yana nan waje bisa babur, yana jiran ya kai ni gida."

Har waje aka ji kiran. Badaru ya taka babur, babur ya ƙi tashi. Ɗan sandan farko da ya kai gare shi ya sha wuƙa a cinya. Na biyu ya sauke masa gindin bindiga a baki, na uku a haƙarƙari, suka taru a kansa har ƙurar wurin ta yi ja. Aka ja shi ta ƙafa, kansa na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. Sahura na tsaye a baranda tana kallo, ba ta kau da kai ba.

Dogo bai fita ranar ba, kotu ba ta sauri ko da gobara. Sai da aka ƙara wata biyu. Da aka sake shi ya biyo ta Bukkuyum, ya tsuguna gaban kaskon. Ta zuba masa ƙosai ta ce ya ci ya yi nama, kuma in ya haihu ya nemi suna wanda ba kowa ke da shi ba.

'Yan matan suna Gummi har yau, don Badaru yana da 'yan'uwa, su ma suna da adduna. Sahura kuwa ta koma "mai sunan marigayi" kamar ba a yi komai ba. Sau ɗaya wata maƙwabciyarta mai shisshigi ta tambaye ta yadda ta ji da ta faɗa. Ta juya ƙosai, ta tsame.

"Daɗi gare shi a baki," ta ce. "Da na sani, da mai shi na kira."