Mai Sanduna a Gaban Jirgi

Kyaftin muke ce masa, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba. Bai ma taɓa shiga wanda ya tashi sama ba. Shi kuma Injiniya yake ce mini, alhali gyaran kwamfuta na koya a hannun wani maigida, ko ƙofar jami'a ban taka ba. Haka muka yi ta ƙara wa juna girma shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa neman takardar shaida a wurin ɗan'uwansa.

Aikinsa a filin jirgin sama shi ne tsayawa gaban jirgin da ya sauka, da sanduna biyu masu ruwan lemo a hannu, yana yi wa matuƙi ishara: taho, karkata dama, rage, tsaya. Tun yana saurayi mai jini a jika ya kama wannan aiki, bai ajiye sandunan ba sai da furfura ta gama mamaye kansa. Rana ta dafa masa fuska, ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, don haka idan yana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa yake yi. Abin tunƙahonsa guda ɗaya ne, idanunsa. Ya ce tun jirgi yana ɗan ɗigo a sama yake gane irinsa, kafin na hasumiya su ce uffan.

Shagona yana ƙasan benen da yake haya. Da ya yi ritaya sai ya mayar da bencina ofis. Kullum da hantsi zai sauko da riga mai karin guga, ya zauna tsakanin matattun kwamfutoci, ya hana ni aiki da labarin jirage. Labarin kuwa duk inda ya zaga wuri ɗaya yake komawa. Idan jirgi ya tsaya cak, ya gicciye sandunansa, yakan ɗaga wa matuƙi hannu. Jefi-jefi wani ya mayar masa, amma akasarinsu ko kallo bai ishe su ba. Bai taɓa zaginsu ba, uzuri ma yake nema musu. Ya ce ƙila daga can sama ba a ganin mutum, sanduna kawai ake hange. Dokar aikinsu ta hana ma'aikacin ƙasa leƙa ɗakin matuƙa, shi kuma mutum ne da ko layin fenti aka ce kada a tsallaka, zai kwana a bayansa. Tambayar wani matuƙi kuwa, girman kai da kunya suka haɗu suka hana shi.

Wata rana wani ya kawo mini gyaran kwamfuta mai manhajar koyon tuƙin jirgi. Na kunna don gwaji, na sauke jirgin da ƙyar, na nufi wurin ajiya. Sai ga wani ɗan mutum a allo da riga mai ƙyalli da sanduna biyu. Injin ba shi da ƙarfi, hoton duk ya dagule, mutumin ba fuska ba kamanni, kamar yaro ya zana shi da gawayi. Kyaftin ya miƙe tsaye a hankali, ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin.

"Wannan ai ni ne," in ji shi. "Ina fuskarsa?"

Na yi masa bayani cewa laifin injin ne. Idan aka samu kwamfuta mai ƙarfi, da katin hoto na kirki, wato na'urar da ke zana duk abin da ake gani a allo, to abin da matuƙi yake gani daga kujerarsa shi za a gani. Ya koma ya zauna. Washegari ya sauko ya ce mini zai haɗa tasa kwamfutar, zai zauna a kujerar matuƙi, ya gani da idonsa.

Na ba shi shawarar da nake ba kowa: ya tara abin da Allah ya hore masa, mu sayi kayan gaba ɗaya, mu haɗa a yini guda. Ya yi kunnen ƙashi. Shi a tsarin filin jirgi ya tashi, inda ba a sa wa jirgi kayan gwanjo, ba a aron ƙusa, ba a kuma tayar da inji sai komai ya cika. Don haka ɗaya bayan ɗaya zai riƙa saye, kowanne sabo fil, kowanne mafi kyau, kuma ba za a ɓare kwali ko ɗaya ba sai na ƙarshe ya iso. Na ce masa kayan kwamfuta ba sa jiran mutum, na bana ba lalle ya shiga na baɗi ba. Ya dube ni kamar na ce jirgi da gawayi yake tashi.

Madabod ya fara saye, wato faifan da sauran kayan duka ke hawa kansa. Sai akwati mai gilashi a gefe, sai na'urar rarraba wuta, wadda muka yi mako muna musu a kanta, don ya ce ba zai ɗauki wadda za ta shaƙe jirgi yana tsakiyar sama ba. A kan fanka kaɗai sai da muka yi fushi da juna. Sifika ce kawai ya ce ba ya so, ƙarar jirgin da ya sha ta ishe shi har kabari. Duk abin da ya saya sai ya hau da shi bene ya ɗora a kan durowar kaya. Maiɗakinsa, wadda duk muke kira Inna, ta sauke akwatunanta ta ba kwalaye wuri. Takan ce ita dai ba ta ga jirgi ba, amma ta samu aikin goge masa ƙura.

Fansho ba ya gudu, rarrafe yake yi. Kafin ya kai ga firosesa, ƙwaƙwalwar injin ke nan, shekaru sun ja. Ya zaɓi sabuwar fitowa, mai iya ɗaukar gajimare da birane da komai. Da na ga kwalin sai na gane an samu matsala. Na sa aka sauko da madabod ɗin, na nuna masa a jikin kwalayen biyu cewa mazaunin wannan ba ya karɓar wancan. Faifan da bai taɓa shan wuta ba ya tsufa a cikin ledarsa, lokacin mayarwa kuma ya wuce tuntuni. Na roƙe shi ya canza ƙwaƙwalwar da wadda za ta shiga tsohon faifan, ya ce shi ba ya komawa baya. Aka sayi sabon faifai, faifan kuma ya ƙi karɓar ram, wato ma'ajiyar aikin injin, da aka saya tun farko. Haka muka koma gidan jiya.

A wannan tsakanin ne na fara lura da wasu abubuwa. Kafaɗarsa ta riƙa bugun bakin ƙofar shago. Idan na miƙa masa shayi daga gefe, sai na yi magana yake sanin da hannu a wurin. Rubutun kwali kuma sai ya juya kai gaba ɗaya yana bin sa, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Na yi masa magana, ya ce hasken shagona ne ba shi da kyau.

Autarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tsaya a shagon wata rana da yamma da kayan aiki a jikinta. Ta ce hawan jinin ido ne, daga gefe yake cin gani yana matsowa tsakiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Magani yana rage masa gudu ne kawai. Ta ce, "Yaya, don Allah in akwai abin da zai gani a cikin kwalayen nan, ka sa ya gani yanzu."

Na tare shi da maganar ba kwana-kwana. A lokacin katin hoto da allo kaɗai suka rage. Na ce akwai kati a shago da allo mai kyau, in ara masa, yau ɗin nan kafin la'asar yana kujerar matuƙi. Raina ya ɓaci sosai, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Injiniya, da wancan katin za a ga fuskarsa?"

Na ce za a gani, amma dishi-dishi.

"To dishi-dishi ina da shi a gida," in ji shi. Ya lalubo sandar da ya fara dogarawa ya hau bene.

Katin da yake so ya iso bayan watanni, allon ya biyo baya, faffaɗa mai ɗan lanƙwasa. Kafin nan ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa, ya daina saukowa. Bencin ya zama wurin ajiye wayoyi. Na yi kewarsa ƙwarai, har surutun da nake ƙorafi a kai. Inna ce ta sauko da kanta wata safiya ta ce kaya sun cika, maigidan ya ce a zo a tayar da inji.

A falonsu na baje kayan a kan tabarma. Yana zaune a kujera da rigarsa mai karin guga, idanunsa a buɗe tar, kamar lafiyarsu ƙalau. Duk abin da na ɓare sai ya ce in miƙo masa tukuna. Ya shafa firosesa da ɗan yatsa, ya auna nauyin katin hoto a tafin hannu ya ce lalle wannan ya ci sunansa. Ya tambaye ni ko na ɗaure kowace ƙusa, na ce na ɗaure, ya ce in sake bi. Na sake bi. Da na danna maɓalli fankoki suka ɗauka a hankali, Inna ta ce Alhamdulillahi daga bakin ƙofa, Auta kuma ta jingina da bango.

Ban taɓa haɗa inji mai kyan wannan ba. Da na saka manhajar tuƙin, hoton ya fito garau, har tsagar kwalta ana gani, da inuwar gajimare a kan ciyawa. Na matso da kujerarsa gaban allon. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan ramin ganin da ya rage masa. Ya ce yana ganin haske. 

Ni na sauke jirgin. Da muka bar titin sauka sai na ɗora hannunsa a kan sandar tuƙi, na ɗora nawa a kan nasa. Ba sifika, don haka ɗakin shiru, sai hucin fanka da muryata ina gaya masa inda muke. Muka karya kwana, muka miƙe layin rawaya. Na ce masa ga mutumin can ya fito, yana kiran mu da sanduna.  Shi ya riƙa faɗa mini ishara kafin ta zo: yanzu zai ce a rage, yanzu zai ɗaga hannuwa sama, yanzu zai gicciye. Bai kuskure ko ɗaya ba. Jirgi ya tsaya.

"Ana ganinsa?" ya tambaya.

Na duba allon. Mutumin yana nan tsaye a gaban hancin jirgi, ƙarami, shi kaɗai a cikin rana. Ana ganin zif ɗin rigarsa da abin toshe kunnensa. Ya ɗago kai yana kallon tagarmu. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Na san idan na yi masa ƙarya zai ji a muryata.

Na ce, "Ana ganinsa, Baba. Har idanunsa."

 Inna ta juya ta shige ɗaki.

"Ashe suna ganina," in ji shi, a hankali, yadda ban taɓa jin ya yi magana ba.

Ya zare hannunsa daga ƙarƙashin nawa, ya gyara zama, ya gyara wuyan riga. Sannan ya ɗaga hannun dama ya gaishe da mutumin, ya riƙe shi a sama ya ƙi saukewa. Ba allon yake fuskanta ba, ya ɗan karkace wajen tagar falon. Auta ta taho a hankali ta juya masa kujerar.