Ludayin Hassan

A Arlit muka tashi, ni da tagwaina Hassan. Babanmu ya baro Tawa ya zo aikin ramin uraniyom, ya taho da mahaifiyarsa, Inna Rabi. Da zarar motar ma'aikata ta kwashe masu aikin dare, sai Inna ta hura gawayin shayi a tsakar gida, mu kewaye ta.

Akwai tatsuniyar da ba ta yin ta sai ranar da na sha duka. Kuma ina shan sa, don ni ba ruwana da ƴar tsana. Na kwance rediyon Baba, na leƙa ƙarƙashin kowane kamyo na ɗaukar kaya da ya tsaya a unguwa.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta. Wai a cikin kowace uwa akwai wata tsohuwa mai ludayi biyu, ɗaya na maza, ɗaya na mata, tana shayar da jarirai tun kafin su ga rana. Wata rana ta tarar da tagwaye a ɗaki ɗaya, ga duhu, sai macen ta kurɓi na namijin. Da ta girma ta kashe kurar da ta hana gari ɗibar ruwa. Mutane suka sha suka ƙoshi, sannan suka ce wannan ba mace ba ce, suka kore ta.

"Inna, laifin wa ke nan?" na tambaya.

"Husaina, wanda ya ba ta ya san abin da ya ba ta. Sha shayinki."

Ita kaɗai ta yarda da hakan. Da muka gama lakwal, wato makarantar boko, Baba ya kai Hassan garaji koyon kanikanci, ni kuwa ya ce hannun mace ba na baƙin mai ba ne.

Sai da na je awon cikina na fari wata ungozoma ta gaya mini cewa lalle akwai sinadaran jiki da ke taɓa ƙwaƙwalwar ɗa tun yana ciki, kowa da rabonsa. Maganar tagwaye kuwa, ta ce likitoci ma ba su gama sani ba. Na fito ina hawaye. Ashe a kan abin da ban zaɓa ba aka yi ta dukana.

Hassan bai taɓa son inji ba. Yau kabu-kabu yake yi da babur. In moto ɗinsa ya ƙi tashi, yakan turo shi ta bayan gidana, ya miƙo mini sufana yana waige-waige.

"Don Allah Husaina, kada kowa ya ji."