Agogon Barde

Cikin duk shekarun da na yi ina dillancin fina-finai a Gombe, ranar da ba ta fita raina ita ce kashegarin ƙaramar salla, shekarar da na ɗora shirin "Mun Gani" a babban allo. Bari in fara gaya muku abin da na zuba a ciki. Keken napep ɗina guda ɗaya, wanda kullum shi ke kawo cefanen gidana, shi na sayar. Da kuɗin na kama ɗakin taro na kwana biyu, na yi hayar majigi da lasifika da kujerun roba, na buga fasta. Sai kuma sunana, domin duk 'yan kasuwarmu sun ji labari, kuma yawancinsu sun zuba ido su ga Bukar Babarbare ya faɗi.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu ba ku tarar da kaset ba. Ni da shi na fara, ina yawo da shi a tasha cikin faranti. Daga nan aka koma faifai, daga faifai aka koma tura fim a waya, daga baya na buɗe gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada. Abin da na koya a duk wannan yawon shi ne, idan ka haska fim a ɗaki, ranar farko talla ce take cika maka kujeru. Rana ta biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne. Kuɗin ranar farko na mai ɗaki ne da mai majigi. Idan ta biyu ba ta cika ba, to keke ya tafi ke nan.

Shi "Mun Gani" na wani saurayi ne ɗan unguwar Herwagana, Ishaya, da abokansa biyu. Sukan ɗauko tsohon fim wanda aka yi shi da ganganci, su yanko minti biyar, su ɗora muryoyinsu a kai suna tsiya. Idan an zo wurin kuskure sai su tsayar da hoton, su zagaye wurin da jan layi, su haɗa baki su ce, "Mun gani!" A shagona babu abin da ake turawa kamarsa. Teloli, direbobi, matan aure ta hannun 'ya'yansu, kowa sai ya tambayi sabo.

Fim ɗin da ya fi ɗaga su ni na ba su faifansa. Labarin wani barde ne na zamanin da, wanda Malam Buba, wani tela a unguwar Bagadaza, ya shirya da kuɗin ɗinkinsa shekaru masu yawa da suka wuce. Shi ya ɗinka kayan yaƙin, shi ya ba da umarni, shi kuma ya fito a barden. Fim ɗin bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Kwali biyu na faifansa suna ƙarƙashin kantata tun lokacin, har na mai da su matashin ƙafa.

Da Ishaya ya zo mini da maganar a haɗa fim ɗin gaba ɗaya, sa'a ɗaya da rabi, a haska a ɗaki, sai na ce masa sharaɗi biyu. Na farko, sai mai fim ya yarda, don a waya kana iya sulalewa, amma da ka sa tikiti a ƙofa ka shiga haƙƙin mutum, kuma masu ba da izinin haskawa za su tambaya. Na biyu, sai mun gwada shi a gaban mutane kafin salla.

Ni na je wurin Malam Buba da kaina. Shi Bafillace ne, ni Babarbare, kun san tsakaninmu akwai wasa, saboda haka ban yi wani kewaye ba. Na same shi a kan keken ɗinki, na ce, "Bappa, na zo in fitar da kai kunya. Fim ɗinka zai cika ɗaki, amma dariya za a yi maka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na ga abin da yaranka suke yi. Jikokina ne suka nuna mini. Kwana biyu ban je majalisa ba."

Na ce, "To kai ma, Bappa, barden zamanin da, da agogo a hannu?"

Sai ya tsayar da keken. Ya ce, "Mai ajiyar kayanmu ranar ɗaukar fim ɗin Babarbare ne. Ka ce in cire agogo in ba shi?"

Muka yi dariya, amma na ga abin yana ci masa rai. Daga ƙarshe ya yarda a kan zai karɓi kasonsa, ya kuma ce, "Zan zo in zauna. Idan na ga cin mutunci ne, a gaban mutanenka zan tashi in ce a kashe." Na san zai aikata, kuma idan dattijo ya yi haka a ranar farko, babu mai zuwa a ta biyu.

Gwajin a gidan kallona muka yi shi, wata Laraba da rana da babu ƙwallo, cikin watan Sha'aban. Na kira direbobi da teloli na unguwa, na ce kyauta ne. Na koma baya na tsaya, don ni ba allo nake kallo ba, ƙeyar mutane nake kallo. Minti goma na farko an yi dariya. Daga nan sai abin ya fara sanyi. Muryar su Ishaya ba ta tsayawa, magana kan magana, kamar mai tallan magani a kasuwa. Wani tela ya juya ya ce, "Don Allah ku ce su yi shiru mu ga fim!"

Sai aka zo wurin yaƙin ƙarshe. Barde ya ɗaga takobi. A waya agogon nan ɗan ɗigo ne, sai an nuna maka. A allo kuwa ya kai faranti. Kafin hoton ya tsaya, wani direba ya yi ihu, "Agogo! Barde ya riga mu wayewa!" Ɗaki ya ɗauka. Ana cikin dariyar sai ga jan layi ya zagaye agogon, muryar Ishaya ta fito tana cewa, "Jama'a, kun lura da hannunsa kuwa?" Direban ya ce, "Mun lura tun ɗazu, malam, kai ne ka makara."

Da aka watse, Ishaya ya zauna a benci ya riƙe kai. Ya ce, "Oga, waɗannan ba su ne odiyens ɗinmu ba, masu kallonmu daban ne. Ba su san komedi ba."

Na ce, "Su ne. Kowannensu yana da shirinka a wayarsa, ni na tura musu."

"To me ya faru?"

Na ce masa mutum shi kaɗai da wayarsa yana son abokin hira, kai ne abokin. Amma mutanen Gombe idan suka taru gaban allo, ba sa bukatar a yi musu tsiyar fim, su ma gwanaye ne. Shekara nawa ina jin su suna koya wa ɗan wasan Turai buga ƙwallo daga kan benci. Ka shigo ɗakinsu ka ƙwace musu baki, shi ya sa suka yi maka tawaye. Na ce ya cire jan layin gaba ɗaya, ya zubar da fiye da rabin maganar, duk inda kuskure ya fito ya yi shiru ya bar su su kama da kansu. Idan sun gama ihu, sannan muryarsa ta shigo ta ba su amsa.

Ya ce, "Haba Oga! Wata uku muna rubuta joks ɗin nan. Kuma rikodin ne fa, an riga an naɗi muryar, ta yaya zan amsa abin da ban ji ba?"

Na ce, "Ka ji ai. Yau ka ji. Abin da direban nan ya faɗa, da salla ma wani zai faɗa."

Ya yi fushi, ya tafi, ya yi mako ban ji ɗuriyarsa ba. Ni kuwa na riga na sayar da keke. Ban bi shi ba, don na san idan na roƙe shi zai gyara rabi ne kawai don ya faranta mini. Da ya dawo, da kwamfutarsa ya zo. Ya ce, "Shirun na daƙiƙa nawa?" Na ce ban san daƙiƙa ba, amma ya kunna. Yana kunnawa ina tafa hannu a inda na san ɗaki zai gama dariya, yana sa alama. Wani wurin ya ce ya yi tsawo, muka yi ta gardama, wani ya ci wani na ci. Akwai wurin da wani da ya fito a gawa yake korar ƙuda, a nan kuwa shi ya fi ni gaskiya, don ya ce a bar shi babu magana ko ɗaya. Haka muka ƙare azumi.

Ranar farko, wato kashegarin salla, mun sa haskawa bayan azahar, don a tashi kafin la'asar. Ɗaki ya cika, maza gefe, mata da yara gefe, har da matasan Herwagana da suka zo mara wa ɗan unguwarsu baya. Malam Buba ya shigo da farar babbar riga, bai gaisa da kowa ba, ya zauna a layi na uku ya harɗe hannu. Na tsaya daidai inda zan riƙa ganin gefen fuskarsa.

Aka fara. Barde ya fito daga bukka, bayansa ga turken wutar lantarki tsaye. Shiru daga lasifika. Shirun ya yi mini tsawo fiye da yadda na tafa. Sai wata mata daga baya ta ce, "La! Garin barde akwai nepa!" Ɗaki ya fashe, matasa suka haɗa baki, "Mun gani!" Dariyar tana sauka sai muryar Ishaya ta shigo a hankali: "Ku kwantar da hankalinku, su ma ba a kawo musu ba." Wallahi sai da wani ya faɗo daga kujera.

Daga nan ɗakin ya gane wasan. Kowa ya zuba ido yana farauta. Aka kama silifas ɗin sarkin yaƙi, aka kama jinin zoɓo, aka kama ledar ruwa a bakin rijiya, wadda mu kanmu ba mu taɓa lura da ita ba. Amma Malam Buba ko motsi. Da gawa ta kori ƙuda, na ga ya sunkuyar da kai, ya gyara hularsa. Ban san ko dariya yake ɓoyewa ko tashi zai yi ba.

Sai yaƙin ƙarshe. Takobi ya tashi, agogo ya cika allo. Ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka, "Agogo! Mun gani!" Aka yi ta buga kujeru. Da ƙarar ta lafa, muryar Ishaya ta ce, "To tunda kun gani, wani ya taimaka ya duba wa barde ƙarfe nawa, hannunsa ba sake yake ba."

Malam Buba ya miƙe tsaye.

Na ce a raina shi ke nan, keke ya tafi. Ya juyo ya fuskanci mutane, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya ɗaga hannun sama cikin hasken majigi. Agogon nan ne, shi ɗin dai, mai baƙin maɗauri. Ya duba shi a tsanake, ya ce da ƙarfi, "Huɗu saura kwata! Barde, yi sauri ka gama yaƙin nan, la'asar ta kusa!"

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a ɗaki ba. Waɗanda suka gane shi suka fara, "Shi ne! Barden ne!" Sauran minti biyar na fim ɗin babu wanda ya ji su. Da aka kunna fitila matasa suka kewaye shi, kowa yana son hoto da agogo. Ya hango ni ta saman kawunansu ya ce, "Kai Babarbare, matso ka gani, amma kada ka taɓa."

Na aika aka ɗauko kwalayen nan biyu daga ƙarƙashin kanta, na ajiye a bakin ƙofa don sayarwa. Ban san wa yake da injin kallon faifai a zamanin nan ba, ban kuma tambaya ba.

Kashegari tun kafin azahar layi ya kai titi, dole muka haska sau biyu. Malam Buba ya zo duka biyun, ya kuma tashi a wurin agogo duka biyun, kowane da lokacinsa.

Bayan salla Ishaya ya ɗora wannan na ɗakin a waya, bai shawarce ni ba. Bai karɓu ba. Masu zuwa shagona suka riƙa cewa sautin ya lalace, wurare da yawa shiru. Ya zo yana dariya ya ce, "Oga, yanzu kuma odiyens ɗin babu." Tun daga nan yake yin iri biyu, na hannu daban, na ɗaki daban.

Saboda haka idan wani ya kawo muku abin da ya yi kasuwa a waya ya ce a kai shi allo, kada ku tsaya kan yawan waɗanda suka tura. Ku tara mutum talatin ku tsaya a bayansu, ku ji inda suke son yin magana, ku bar musu wurin. Idan kuma tsiyar wani za a yi, a ajiye masa kujera, don wanda ake yi wa wasa yana da haƙƙin ramawa, kuma sau da yawa ramuwarsa ta fi wasan daɗi.

Da na zauna lissafi, na biya kujeru huɗu da aka karya, na ba Ishaya da Malam Buba kasonsu, na sayi wani keken, duk da bai kai wancan lafiya ba. Faifan nan kuwa ko ɗaya bai rage ba. Asarar da na yi guda ɗaya ce: har yau ban samu abin ɗora ƙafa a ƙarƙashin kanta ba.