Yaran Kawu na Kudu

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san amsarsa. Ka ce, "Kawu, ya yara?" sai ya ce, "Na kudu dai lafiya lau." Wai taurari! Wani ɗan gungu ne can ƙasa-ƙasa a kudu, da ya gano da madubin hangen nesan da ya saya bayan ya yi ritaya. Ya karanta cewa a cikin taurari waɗannan jarirai ne, shi ke nan ya mai da su 'ya'ya.

Ni ɗan ƙanwarsa na fi shan wahala. Lokacin zafi, ana idar da isha'i zai ƙwala kira: "Nasiru, zo ka gaida ƙannenka!"

"Haba Kawu, shekarunsu miliyoyi fa!"

"To? Ko haƙori ba su yi ba."

Da kuɗi suka shigo Abuja, wani ya sayi filin da ke kudu da gidansa a Kado, ya soma bene hawa huɗu. Kawu ya zuba babbar riga, ya ja ni wurin magina.

"Oga, ginin nan zai tare mini yara."

Injiniya ya waiwaya ko'ina. "Baba, wane yara? Ba yara a nan."

Kawu ya nuna sama, da rana tsaka. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige! Takardar koke uku ya rubuta, bene dai ya tashi.

Kun san taurin kansa. Ya sayar da gidan, ya koma Orozo, wai can sama a buɗe take. Matarsa Inna Rabi ta ce, "Malam, a kan taurari za mu bar ruwan famfo?" Ya ce, "Ko kaza ba ta barin 'ya'yanta." Wata guda ban taka gidansa ba don haushi.

Ranar sadakar ukunsa wani dattijo daga ƙauye ya tare ni gaban Inna. "Yaran nan na kudu, an sanar da su? Kada a ci musu gado." Na tuntsire da dariya. Inna ba ta yi ba.

Ta ce, "Shekara arba'in Allah bai ba mu haihuwa ba. Kullum aka tambaye shi yara a gabana, yana da amsa. Bai taɓa bari na sunkuyar da kai ba."

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka. Jiya na je na gaida ƙannena. Suna nan lafiya lau.