Khal ɗin da na wanke kifi da shi

Har gobe ban manta da ranar da na yi wa kifi wanka da khal ɗin Sifaniya ba. Tun daga farko in gaya muku, wawan labarin nan ni ne, don haka ku sababbin kuku kada ku sha wahalar nemansa.

Lokacin ina kuku a gidan Hajiya Maryama a unguwar Aziziyya, a Saudiyya. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta suka zo Hajji suka zauna, ɗanta ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. Bayan Babbar Sallah ta kwanta asibiti, aka sallamo ta da doka: ba gishiri, ba magi. To ku gaya mini, me ya rage wa kuku? Na dafa wannan, na dafa wancan, sai ta ɗanɗana ta ture faranti. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Likita ya ce in ba ta fara ci ba za a mayar da ita a sa mata robar abinci ta hanci, ita kuwa ta rantse ba za ta koma ba.

Ana cikin haka jikarta, Daktora Hanan, ta dawo daga karatu a Sifaniya, wadda malamai ke ce wa Andalus. Ta jera tsarabarta a kabad ɗin kicin: man zaitun, wani gwangwani na jan gari, da wata 'yar kwalba baƙa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, in yi bayani. Khal ruwan tsami ne, wanda Turawa ke ce wa binega, kuma a wajenmu ɗan aike ne. Da shi ake kashe ƙarnin kifi, a wanke kaza, a goge katakon yanka. Ran nan na sayo kifi, na tarar farin khal ya ƙare. Na buɗe baƙar kwalbar, na shinshina, khal ne. Akwai rubutu a jiki, amma bokona bai wuce karanta lambar mota ba. Da na ga kalarsa kamar shayin da ya kwana, sai na yanke hukunci irin na manya: ya tsufa, gara a ƙarar da shi kafin ya cuci wani. Na tuttula wa kifi, na ɗauraye katako. Hajiya ta ƙi kifin kamar kullum, ni kuma ba na son almubazzaranci, na taimaka masa.

Washegari Daktora ta shigo tana naɗe hannun riga. "Ammi Garba, yau ni zan dafa wa Sitti. Ina kwalbar?" Sitti kaka ke nan, Ammi kuma baffa, haka take kiran mu.

Na miƙa mata cikin alfahari. Ta ɗaga ta sama, ta karkata. Abin da ya rage ba zai cika cokali ba.

"Ya Ammi, esh hada, mene ne haka? Ina sauran?"

"Ya tsufa ne, Daktora. Na yi maganinsa."

Sai da ta zauna a kan kujera. "Tsufan ai shi na sayo!"

Ta yi mini karatu, ni da furfurata. Ashe daga inabi ake yinsa, Turawa na ce masa sheri. A gangunan katako yake kwana shekara da shekaru, kuma ba a taɓa juye ganga kaf. In an ɗebi kaɗan a tsohuwar, sai a cike ta daga wadda ke bi mata, ita ma a cike ta daga ƙanwarta. Sabo yana koyon hali wajen tsoho. Ta ce ba mamaki a cikin abin da na zubar a kwata akwai ɗigon da ya girme ta. Wallahi sai na ji kamar na tsallake dattijo ban gaishe shi ba.

Ta ce, "Halas, ya wuce. Yalla, yanka albasa."

Miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na Larabawa, kawai ta yi, irin wadda kowa ke sha da azumi. Ta soya albasa da man zaitun, ta sauke tukunyar kafin ta barbaɗa jan garin nan, wai tattasai ne da aka busar a hayaƙin itace, wuta na sa shi ɗaci. Da adas ya nuna ta kashe gas. Sannan ta kifa kwalbar, muka tsaya muna jiran ɗigo kamar masu duban wata.

Ta ba ni in ɗanɗana. Jama'a, na tsufa a gaban murhu, ban taɓa jin haka ba. Ba gishiri a miyar nan, na gani da idona, amma harshena ya ƙi yarda. Ga tsami, ga wani zaƙi-zaƙi kamar na zabibi, komai na cikin tukunyar ya farka.

Hajiya ta karɓi cokalin farko don kunyar jikarta. Ta ce, "Wa ya hura icce a gidan nan? Haka miyar Innata ke ƙamshi a unguwarmu ta Sa'alaba." Ta karɓe cokalin daga hannun Daktora. Ba ta ɗago ba sai da muka ji yana kankarar kwano. Ba a mayar da ita asibiti ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe: a kicin babu ɗan aike, kuma abin da ba ka sani ba ka tambayi mai shi kafin ka buɗe. Amma tsoho ba ya faɗuwa haka kawai. Da Hajiya ta ji labarin kifin tana ta dariya, sai na gyara hula na ce, "Gaskiya, Hajiya, tsoron Allah ne. Abin da aka yi da inabi a ƙasar Turawa, na yi shakkar halaccinsa, shi ya sa na zubar."

Daktora ta fara cewa ai khal ne, ba giya ba, ta tambayi malamai tun kafin ta saya. Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Bar shi, malam ne. Garba, kifin da ka wanke da shi fa, wa ya cinye har kai?"