Tiyon Gida Biyar

Ƙarfe huɗu na yammacin wata Alhamis, a shekarar da nake aji biyar na firamare, rediyon Baba da ke rataye a reshen gwaiba ya fara labarai, ni kuma ina tsugune a bakin fangalin albasarmu, sai ruwan da ke fitowa daga tiyo ya yi tari sau biyu ya tsaya. Na bi tiyon da gudu ina neman inda ya ɓalle. Can na tarar da maƙwabcinmu Malam Sani yana kwance robar da na ɗaure da hannuna, yana naɗe gutsurensa a kafaɗa. Bai yarda mun haɗa ido ba. "Ki ba Babanki haƙuri, ɗiyata," ya ce. "Gobe za mu tahi Gusau."

Lambunmu yana fadamar wani ƙauye kusa da Bilbis, kuma shi ne na ƙarshe daga bakin ruwa. Babu mai tiyon da zai kai gonarsa shi kaɗai, don haka gida biyar suka haɗa nasu ya zama ɗaya, injin ban ruwa ɗaya, kowa da ranarsa. Gutsattsarin tiyon ba girmansu ɗaya ba: na wani baƙi ne mai kauri, na wani shuɗi siriri da rana ta busar. Haɗa su ya zama aikina, domin ni ce ba na gaggawa, ba na kuma surutu. Sa'annina suna can suna carafke a gindin tsamiya, ni ina gefen murhu da littafina a cinya, ina jiran ruwa ya tafasa. Nakan tsoma bakin tiyo a ruwan zafi har ya yi laushi, in cusa mahaɗi, wani lokaci na kanti mai baki ɗaya babba ɗaya ƙarami, wani lokaci guntun gora da Baba ya feƙe. Sai in yanko tsohuwar robar tayar keke in ja in naɗa, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Idan aka tada inji nakan bi layin ina shafawa da bayan hannu, ina neman ɗigo. Inna takan yi mini tsiya, "Rabi mai ɗaurin tiyo, ɗaurin zane ne ya gagare ki."

Bayan tafiyar Malam Sani mun cike gurbinsa da wani tsohon bututu. Amma mutanen daji masu bindiga sun riga sun hana kowa sakewa, kuma duk gidan da ya tashi da gutsurensa yake tafiya, ba a kuma iya ganin laifinsa. Kowace tafiya sai in kwance, in tafasa ruwa, in sake haɗa abin da ya rage, tiyon yana ja da baya kamar mai fushi da mu. Da ya daina kaiwa, muka koma jido da bokiti daga inda ya tsaya, ni da Baba da Inna, har kafaɗata ta saɓule. Albasar ta yi ja daga sama, ta kwanta tun ba ta yi kai ba. Ba mu cika ko kwando ba. Daga ƙarshe mu ma muka naɗe namu gutsuren muka tashi.

Yanzu a Sabon Gari muke, a ɗaki biyu na haya, ina karatu a makarantar gaba da sakandare. Baba yana wankin mota a bakin titi da tiyon mai wurin wankin, wanda ke da mahaɗin ƙarfe da ake murɗawa ya kama cif, babu ruwan zafi, babu roba. Namu gutsuren yana naɗe a bayan ƙofa, mahaɗaina kuma suna cikin gwangwani, ina shafa musu mai don kada su tsage. Shekara da shekaru ina tambayarsa yaushe za mu koma, yana cewa sai an ga damina. Bana da aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi na sake tambaya, na kuma ɗauko gwangwanin na ajiye a gabansa. Ya ɗauki guntun gora ɗaya, ya daɗe yana juya shi.

"Rabi," ya ce, "ko mun koma, da tiyon wa za ki haɗa namu?"